Ƙanƙarar da ta fi jihar Legas girma: in ta narke, ina ruwan zai tafi?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum 'yan zaure, an sha ruwa lafiya? Ɗazu kafin magariba ina kwance ina latsa waya don in rage lokaci, sai na ci karo da labarin wani dutsen ƙanƙara da ake kira A23a. Wai tun 1986 ya ɓalle daga Antatika, ya maƙale wuri guda sama da shekara 30, daga baya ya kama hanya a teku, ga shi a farkon watan Maris na 2025 ya je ya cije kusa da wani tsibiri mai suna Jojiya ta Kudu. Abin da ya tsaya min a rai girmansa ne. An ce lokacin da ya fara tafiya ya kusa murabba'in kilomita 4,000, ya ɗara jihar Legas ke nan. Tambayata biyu. Yaya abu mai wannan nauyi yake zama a saman ruwa bai nutse ba? Sannan ranar da ya narke ƙurmus, ruwan ina za shi? Ba su Legas da Fatakwal zai ci ba?

Abu Safwan: Wa alaikumus salam. Ni irin waɗannan labarai da kunne ɗaya nake jin su. Ƙanƙara ta fi jihar Legas? Wa ya ɗauki tef ya auno? Kuma wai shekara 30 ba ta narke ba, alhali ta ɗari biyar na saya ɗazu a bakin titi, kafin in iso gida ta koma rabi.

Mai Ƙanƙara: Abu Safwan, in a wajena ka saya ka dawo gobe in yi maka gyara, amma laifinka ne, na san a leda ka rataya ta a kan mashin cikin rana. Tambayar farko kuwa ba sai an jira 'yan boko ba, sana'ata ce. Duk wanda ya taɓa cika robar lemo taf da ruwa ya sa a firiza ya san abin da ke biyo baya. Roba ta kumbura, wani lokaci ta tsage daga gindi. Ruwa in ya daskare buɗewa yake yi, ya ƙara cin wuri, nauyinsa kuma yana nan yadda yake. Shi ya sa nake faɗa da yarana in suka cika leda har wuya. To abin da ya fi ruwa cin wuri alhali nauyinsu ɗaya, dole ya taso. Ko ƙullin naira hamsin ne ko katon bulo, jefa shi a duro ka gani, ba ya zuwa ƙasa. Sai dai ɗan ƙoƙon kansa kawai kake hangowa, gangar jikin tana ciki.

Malamin Sakandare: Alhaji ya gama min darasi, sai dai in saka lambobi. Mazubin da zai ci ruwan teku kilo 1,025, in ƙanƙara ce zalla a ciki kilo 917 za ta yi. Daga wannan bambancin ne ake samun cewa kusan kashi 9 cikin 10 na dutsen yana ƙarƙashin ruwa. Shi A23a kaurinsa ya kusa mita 300 in an yi matsakaici, amma wanda ke cikin jirgi abin da zai gani farin bango ne kamar bene mai hawa 10, ya miƙe har inda ido ya ƙare. Wannan kaurin ne ya sa ya maƙale tun farko: gindinsa ya kama ƙasan tekun Weddell da ke gefen Antatika, ya zauna nan daram har wajen 2020. Shi ne kuma ya sake kama shi a Maris na 2025, don ruwan da ke kewaye da tsibirin ba shi da zurfi.

Batun wa ya auna, Abu Safwan, tauraron ɗan Adam ne. Akwai cibiyar kula da ƙanƙara ta Amurka da ke bin sawun manyan, ita ke raɗa musu suna. An raba kewayen Antatika gida huɗu, A, B, C, D. Wannan shi ne na 23 da aka yi wa rajista a ɓangaren A, ƙaramin harafin ƙarshe kuma yana nuna ɓari ne daga uwar da ta rabu. Ba shi ne ma zakara ba. A watan Maris na 2000 wani ya ɓalle, B-15, tsawonsa kimanin kilomita 295, faɗinsa 37. Wannan ya kusa girman ƙasar Gambiya ɗungurungum.

Maman Ilham: Ikon Allah. Malam, to ba ka amsa ta biyun ba, ita ce ta dame ni, ƙanwata a Ajah ta Legas take aure, kowace damina ruwa har falo.

Malamin Sakandare: Hajiya, ke za ki amsa mana ita. Akwai sauran ƙanƙarar buɗa-baki? Ki samu kofin gilashi, ki saka manyan ƙulle biyu, ki zuba ruwa yadda za su taso su bar gindin kofin. Ki sa alama da biro ko selotef daidai inda ruwan ya tsaya. Ki ajiye, ki tafi tarawi.

Abu Safwan: Ai ba sai an gwada ba, ambaliya zai yi. Wanda ya fito sama ina za shi in ba ƙasa ba?

Maman Ilham: To na dawo. Wallahi sai da na kira Ilham ta zo ta duba min ko idona ne. Ƙanƙara ta narke tas, ruwa yana nan kan selotef ɗin, ko gezau. Abin da ya jiƙa tiren gumin jikin kofi ne kawai. Har maigidan ya ce ko yara sun kurɓa, na ce a saman firji na ɗora, ba mai kai hannu.

Abu Safwan: Yauwa! Ga shi nan kun tona wa kanku asiri. Shekara da shekaru ana cika mana kunne wai ƙanƙara na narkewa teku zai cinye duniya. Ashe ko a kofi ba ta iya komai. Dama na faɗa, Turawa ne ke neman hanyar hana mu haƙo man fetur ɗinmu.

Malamin Sakandare: Yi haƙuri ɗan'uwa, ba a nan gizo ke saƙar ba. Hajiya, tambaya ɗaya: lokacin da kika sa alamar, ƙanƙarar tana cikin kofin ko tana waje?

Maman Ilham: Tana ciki mana, haka ka ce.

Malamin Sakandare: To da kin sa alamar tun ruwa ne zalla, sannan kika jefa ƙanƙarar, me zai faru?

Maman Ilham: Au. Zai hau.

Malamin Sakandare: Shi ke nan maganar. Ruwan ya riga ya hau tun ranar da ƙanƙarar ta shiga, ba ranar da ta narke ba. Dutsen ƙanƙara ba a teku aka haife shi ba. Dusar ƙanƙara ce da ta yi ta zuba a kan tudu, a Antatika ko Girinland, babban tsibirin nan na can arewa, shekara bisa shekara, ta sama tana danne ta ƙasa har ta curu ta zama kamar dutse. Nauyinta ke sa ta riƙa gangarowa a hankali zuwa gaɓa, tafiyar hawainiya, har bakinta ya shiga teku ya fara tasowa, daga nan ya karye. Saboda haka A23a, Ɗan Kurna, ya gama abin da zai yi wa Legas tun kafin a haife ka. Abin dubawa shi ne wadda ke kan tudu har yanzu tana jiran layi. Ta Girinland kaɗai in ta narke duka za ta ɗaga teku kamar mita 7. Ta Antatika kuwa wajen mita 58. Ba gobe ba ne, ba jibi ba, amma ko ɗan yanki ne ya isa ƙasar da ke kwance kamar Lekki.

Kuma akwai wani abu. Waɗannan faffaɗan shimfiɗun da ke manne da gaɓar Antatika suna kan ruwa, aikin tokara suke yi wa ta bayansu, kamar dutsen da ake sa wa tayar mota a kan gangara. A 2002 wata da ake kira Larsen B, murabba'in kilomita sama da 3,000, ta wargaje cikin 'yan makonni. Ita kanta ba ta ƙara wa teku wani abin kirki ba, amma kogunan ƙanƙarar da take tarewa sai suka ƙara gudu ninki-ba-ninki.

Injiniya: Malam, Allah ya ƙara basira, amma bari in ɗan taɓa rigarka. Gwajin kofi ruwan daɗi ne a cikin ruwan daɗi. A teku ba haka ba ne daidai. Dutsen ruwan daɗi ne, tekun na gishiri, na gishiri kuma ya fi nauyi. Idan ya narke, ruwan da ya fito zai ɗan fi gurbin da ya tura cin wuri, da kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Kaɗan ne ƙwarai, amma ba sifili ba ne. Na faɗa ne kada wani ɗalibinka ya kama ka a aji.

Malamin Sakandare: Na karɓa, Injiniya. Da ma ɗalibaina za su kama ni a irin wannan, da na yanka kaza.

Ɗan Kurna: Ku dakata. Ruwan daɗi kuka ce? Abin da ke tsakiyar teku ba gishiri?

Ɗalibar Kanada: Salamu alaikum, barkanmu da shan ruwa, mu nan da saura. Yaya Ɗan Kurna, ba gishiri ko kaɗan, na sha da bakina. A St. John's nake karatu, a tsibirin Newfoundland, kuma ta gabanmu suke wucewa, galibi daga Afrilu zuwa Yuni. Namu ba irin na kudu ba ne masu shimfiɗa kamar tebur. Daga yammacin Girinland suke fitowa, wasu su shekara biyu ko uku a hanya kafin ruwan Labrador ya gangaro da su, kafin su iso sun sha sassaƙa. Wani kamar hasumiya, wani kamar tozon raƙumi, wani da rami a tsakiya kamar ƙofar gari.

Bara muka shiga ƙaramin jirgi ni da wasu 'yan ajinmu. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne ƙara. Da aka kashe inji sai ka ji abin yana tsiyaya ta ko'ina, ruwa na gangarowa a jikinsa, can kuma ka ji ƙas kamar an karya katako. Jikinsa fari ne amma da wasu jijiyoyi shuɗi shar, irin shuɗin bula ɗin wanki. Matuƙin ya ƙi matsawa kusa, muna ta roƙonsa don hoto. Ya ce gindin yana narkewa ta ƙasa inda ba ma gani, kuma in nauyi ya rinjaya gefe guda, juyawa yake yi gaba ɗaya ba sallama, igiyar da zai tayar ta isa kifar da mu. Sai ya sa raga ya kamfato wani ɗan guntu da ke yawo, ya farfasa ya sa mana a kofi. Ka kara kunne ka ji yana tsitsitsi kamar an buɗe lemon kwalba. Iskar da ta maƙale a cikin dusar ce tun dubban shekaru, a matse, sai yanzu take samun hanyar fita. Na tsaya riƙe da kofin ina tunanin wannan iskar ta girmi ganuwar Kano nesa ba kusa ba. Ruwan kuma garau, ya fi na roba daɗi.

Mai Ƙanƙara: 'Yata, ki taimaka ki auno min ko kwantena ɗaya ce. Yau kwana uku ba mu ga wuta ba, janareto ya cinye ribar azumin kaf.

Tsohon Matuƙi: Ina karanta ku tun ɗazu. 'Yata ta Kanada, kin tuna min da ƙuruciya. Na yi shekaru a jirgin dakon kaya, kuma na bi ta wannan ruwan naku zuwa Montreal ba sau ɗaya ba. Ku masu kallo daga tudu manyan ne ke burge ku. Mu a jirgi babba bai cika ba mu tsoro ba, don na'urar hangen jirgi tana nuna shi tun daga nesa, ga rahoto kuma ana aiko mana ta rediyo kullum. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Akwai ƙanana, girman mota ko ɗan ɗaki, abin da ya fito sama bai kai mita guda ba, igiya na rufe su tana buɗewa. Turawan jirgi suna kiransu da wani suna mai ma'anar masu gurnani, saboda ƙarar da suke yi in ruwa na wasa da su. Na'ura sau da yawa ba ta rarrabe su da igiya. Kuma tsohuwar ƙanƙara ce mai tauri, ba irin ta firji ba.

Ga hazo. Wurin nan inda ruwan sanyi na arewa ke haɗuwa da ruwan ɗumi na kudu, hazo ne da ko harmatan ɗin Nguru bai kai shi ba. Na taɓa tsayuwar gadi a goshin jirgi da dare, an rage gudu, ana busa ƙaho lokaci-lokaci, gashin hancina ya daskare. Ba abin da kake yi sai zare ido cikin duhu kana neman abin da ya ɗan fi duhun haske. Ba mu ci karo da komai ba, alhamdu lillahi, amma ban taɓa jan Ayatul Kursiyyu da yawa irin na wannan daren ba.

Ɗan Kurna: Baba, Allah ya ƙara lafiya. A nan ne Titanic ya nutse?

Tsohon Matuƙi: Kudu maso gabas da nan, ɗana, 'yan kilomita ɗaruruwa daga tsibirin Newfoundland. Daren 14 ga Afrilu 1912, wajen ƙarfe 11:40 ya gogi dutsen, bai kai awa uku ba ya tafi ƙasa, mutum sama da 1,500 suka halaka. Ka lura, ba karo ya yi da goshi ba. Sun hango shi, sun juya, sai ɓangaren da ke ƙarƙashin ruwa ya bi gefen jirgin yana ɓalle haɗin ƙarfe. Abin da Alhaji Mai Ƙanƙara ya faɗa ne, gangar jikin tana ciki. Dalilin wannan hatsarin ne ƙasashe suka haɗu aka kafa sintirin ƙanƙara na duniya a 1914, dakarun gaɓar tekun Amurka ke gudanar da shi har yau. Rahoton da na ce ana aiko mana, nasu ne.

Ɗan Damagaram: Ina wuninku. Ni gardamata ta harshe ce. Tun ɗazu wani ya ce dutse, wani ya ce tsibiri, a rediyo na ji an ce tsauni. Mu a nan ƙanƙara ɗaya muka sani, wadda ke faɗowa da ruwan farkon damina ta kashe kaji, sai ta firigo. Yanzu duk abin da ke kan tekun can sunansa ɗaya ne?

Malamin Sakandare: Ba ɗaya ba ne, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowacce amfani. Iri biyu ne, asalinsu daban. Na farko shi ne wanda muke ta magana, ɗan tudu da ya faɗo teku. Ni dutsen ƙanƙara nake cewa a aji, in shimfiɗaɗɗe ne irin A23a in ce tsibirin ƙanƙara. Na biyu kuwa fuskar tekun ce da kanta take daskarewa, kamar yadda kunu ke yin fata in ya huce. Ita nake kira ƙanƙarar teku. Saboda gishiri, ruwan teku ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili. Farko wasu 'yan allurai ne ke fitowa, su taru ruwan ya yi kauri ya kwanta luf kamar an zuba masa mai. In ruwan a natse yake sai ya zama siririn faranti mai lanƙwasa da igiya. In akwai igiya sai ya dunƙule faifai-faifai, suna gogar juna har bakinsu ya tashi, kamar an baza gurasa a kan ruwa iya ganinka. Daga nan su manne su zama fili. Kaurinta mita ɗaya ne zuwa 'yan mitoci, ba ɗaruruwa ba. Amma faɗi, ba a magana: miliyoyin murabba'in kilomita, tana buɗewa da hunturu tana tsukewa da bazara.

Injiniya: Kuma ita ma tana tofar da gishirin a hankali. Sabuwa da ɗanɗanon gishiri, amma wadda ta shekara biyu ko fiye ana narkawa a sha. Faɗin ƙanƙarar tekun nan ne ake aunawa da tauraro tun 1979. A tekun arewa mafi ƙanƙantar da aka gani a Satumban 2012 ne, wajen murabba'in kilomita miliyan 3.4. Abu Safwan zai ce ai a kan ruwa take, ba ta ƙara komai. Gaskiya ne. Amma fari yana mayar da hasken rana, baƙi yana shanye shi, duk mai farar shadda da baƙar riga ya san wannan a watan Afrilu. In farin ya tafi, baƙin ruwa ya bayyana, sai ya sha zafi ya ƙara narkar da na kusa da shi.

Tsohon Matuƙi: Ita wannan ba ta fasa jirgi da karo, matse shi take yi. Ku nemi labarin Endurance, jirgin wani mai binciken Antatika da ake kira Shackleton. A Janairun 1915 ƙanƙarar teku ta kama shi a wannan tekun na Weddell da Malam ya ambata, ta riƙe shi wata goma tana tafiya da shi, iska na tura fili kan fili, har katakon ya dagargaje ya nutse a Nuwamba. Mutum 28 suka zauna a kan ƙanƙarar watanni, ƙarshe shi da mutum biyar suka tsallaka kusan kilomita 1,300 a ɗan kwale-kwale zuwa neman agaji. Ina suka sauka? Jojiya ta Kudun nan da Ɗan Kurna ya fara da ita. Ba wanda ya mutu a cikinsu. Sai a Maris 2022 aka gano jirgin a zurfin mita 3,008, kuma jirgin Afirka ta Kudu ne ya kai masu neman. Shi kuwa Nansen na Norwe tun kafin tafiyarsa ta 1893 ya yi dabara, ya sa aka ƙera masa jirgi mai zagayayyen ciki kamar ƙwarya, in ƙanƙara ta matso sai ta tura shi sama maimakon ta murƙushe shi. Shekara uku jirgin yana cikinta, ya fito lafiya.

Ɗan Damagaram: To tunda ruwan daɗi ne tan kusan tiriliyan guda yana narkewa a banza, mu kuma a Damagaram mata na kwana a layin famfo, me ya hana a ɗaure shi a jawo? Ko zuwa Kwatano ne, sauran a yi da bututu.

Injiniya: Ba kai ka fara wannan tunanin ba, malam. Yarima Muhammad al-Faisal na Saudiyya ya zuba kuɗi a kai. A 1977 har babban taro aka yi a jami'ar jihar Iowa ta Amurka, aka ɗauko guntun ƙanƙara daga Alaska a jirgin sama aka kawo wurin taron. A 2018 da Cape Town ta kusa ƙafewa an sake tayar da maganar. Har yau ko ɗaya ba a jawo ba. Abin ya yi nauyin da sai dai a ja shi a hankali, watanni a hanya, cikin ruwan da ke ƙara ɗumi kullum, yana iya tsagewa ko ya juya da jiragen. In ma ya iso, gindinsa zai kama ƙasa tun yana nesa da gaɓa. Saudiyya dai tace ruwan teku ta kama. Inda ake jan su da gaske shi ne wajen su ƙanwarmu ta Kanada: jiragen ja suna zagaye matsakaita da igiya su karkatar da su daga rijiyoyin man da ke cikin teku. Kauda shi kaɗan daga hanya ke nan, ba kai shi wata nahiya ba.

Abu Safwan: Na ji, na yarda da batun kofi, na ga inda na zame. Amma har yanzu ni a Kano nake. Teku ya hau mita ɗaya ko biyu, ina ruwan Kurna da Rijiyar Lemo?

Malamin Sakandare: Ruwan damina, shi ne ruwanka. A 1988 wani masani Bajamushe, Hartmut Heinrich, ya bayyana wasu shimfiɗu na tsakuwa a cikin lakar ƙasan tekun Atlantika ta arewa, nesa da kowace gaɓa. Duwatsun ƙanƙara ne suka ɗauko su daga tudu, da suka narke suka zubar. Wato an yi lokuta a zamanin da da suka fito runduna-runduna, na ƙarshe mai girma wajen shekara 16,000 da suka wuce. Ruwan daɗin da suka zuba ya raunana zagayen ruwan da ke kai ɗumi arewa. Lakar da aka haƙo daga teku a gaɓar Senigal ta nuna a waɗannan lokutan ƙura ta yawaita, damina ta ja da baya zuwa kudu, yankinmu na Sahel ya bushe ƙwarai. Ban ce A23a zai hana ruwa a Dawanau ba, shi yana can kudu ma, kuma ɓallewar irinsa abu ne da aka saba. Amma Girinland da ke zubar da ruwan daɗi a wannan tekun na arewa, masu nazarin daminarmu suna sa mata ido.

Abu Safwan: Shekara 16,000. Malam, wa ya rubuta ya ajiye?

Injiniya: Laka ta rubuta. Kai dai ka ce sai ka gani a kofi.

Ɗalibar Kanada: Kafin in tashi haɗa abin buɗa-baki, akwai abin da ya ba ni dariya a tarihin A23a ba wanda ya faɗa. Lokacin da ya ɓalle a 1986 akwai sansanin binciken Tarayyar Sobiyet a kansa, Druzhnaya 1. Ya tafi musu da gida, sai da suka bi shi a shekara mai zuwa suka kwaso kayansu. Kuma a 2024 ya faɗa wani majuyin ruwa a kan wani tudun ƙarƙashin teku, ya yi watanni yana juyawa wuri guda, kamar digiri 15 a rana, bai ci gaba ba bai koma ba, sai a Disamba ya kuɓuta.

Maman Ilham: Ni dai na sake sa wani kofin, wannan karon na zuba gishiri cokali uku na motsa kafin in jefa ƙanƙarar, in ga maganar Injiniya. Na sa selotef. Amma har yanzu ba ta narke ba, ta fi ta ɗazu daɗewa, ko me ya sa?

Injiniya: Ruwan da ke narkewa ya fi na gishirin sauƙi, sai ya kwanta a sama ya kewaye ta da sanyi maimakon ya nutse. Ki bar shi zuwa sahur. Kuma ki nemo siririn kofi in akwai, a mai faɗi da ƙyar idonki zai kama bambancin.

Mai Ƙanƙara: Sun kawo wuta. Sai da safenku, bari in je in cika ledoji kafin su ɗauke.